Yadda Maude Ya Gyara Wuyan 'Yan Ƙwallon Karare

'Yan watanni Maude ya yi a birnin Katsina yana sayar da rake a bakin wani filin ƙwallo, ya dawo Karare da farar riga mai aljihu uku da kuma sabon suna. Rigar ta wani mai gidan burodi ce, in rana ta buge ta har yanzu ƙanshin yis take yi. Sunan kuwa shi ya raɗa wa kansa: Dokta Maude, likitan 'yan wasa. Ya samu wani mataccen iyafis na waya ya ɗaura masa murfin kwalbar lemo a ƙarshe, ya rataya a wuya, ya ce abin awon jijiya ne.

Teburin Barau mai shayi ya mayar majalisarsa. Kullum da safe yana nan, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana wa mutane lacca.

"Ku nan ba ku san jiki ba," in ji shi. "Jikin ɗan wasa babur ne. Wuya shi ne kan babur, kafaɗu su ne sifirin. In suka riƙe, an gama. Ni kuwa da ɗan yatsa ɗaya nake kwance su."

Barau yana firfita shayi daga kofi zuwa kofi ya ce, "To Dokta, a wace makaranta ka yi karatun?"

"A fili. Mutumin da ke yi wa manyan 'yan wasa tausa, tsakanina da shi bai fi nan da wancan bencin ba."

"Da katanga a tsakani ko babu?"

"Shingen waya ne. Ana hange."

Aka yi dariya, Maude bai ji komai ba. Abin da yake nema kawai shi ne wuya guda ɗaya da zai nuna gwaninta a kansa, gari ya shaida.

Ana nan sai ga wuyan ya samu.

A wannan ranin ƙungiyar matasan Karare ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai wasan ƙarshe a gasar da ake yi tsakanin ƙauyukan Batsari da Safana. Ranar Asabar za su kara da Tsaskiya a filin Safana, kofi da bijimi ga wanda ya ci. Mai horar da su Koci Lawal ne, malamin lissafi a firamaren garin, mutum mai yawan zullumi. Ƙarfinsu kuma duk a hannun golansu yake, Ikrima, dogon saurayi mai tafin hannu kamar faifai. Labari ya riga ya iso cewa wani mutum daga wani kulob a Katsina zai zo takanas don ya ga Ikrima, in ya yi masa zai tafi da shi gwaji.

Ranar Talata Ikrima ya wuni yana ɗauko wa babansa tubali a ka, da la'asar kuma ya je atisaye ya yi ta faɗuwa kan busasshiyar ƙasa. Laraba da safe ya tashi wuya ya riƙe, kai ya karkace hagu, tsakanin kafaɗunsa kamar an cusa tsinke. Ya zo sayen burodi wurin Barau yana tafiya a kaikaice, Koci Lawal na biye da shi yana salati ƙasa-ƙasa.

Maude ya ajiye kofinsa ya miƙe a hankali, ya gyara riga.

"Tsaya nan. Kar ka motsa."

"Ai ko na so ba zan iya ba, Kawu," in ji Ikrima. "Ba wani abu ba ne. Yakan yi mani haka. In na gasa da ruwan zafi na huta kwana biyu sai ya saki."

"Ruwan zafi? Kai kaza ce da za a fige?" Maude ya ɗora murfin kwalba a ƙeyar yaron, ya rufe ido yana saurare. "Hm. Babbar jijiya ta hau kan ƙarama, ƙaramar kuma ta ƙi yarda."

Koci Lawal ya ce, "Ni da asibitin Batsari na ce mu je."

"Ku je. Za su ɗaure shi da bandeji su ce kar ya taɓa ƙwallo sai bayan wata. Mutumin Katsina ya zo ya kalli raga babu kowa."

Wannan magana ta shiga Lawal. Ya kalli Ikrima, ya kalli farar riga, ya ce a gwada.

A gida Maude ya tarar da matarsa Safiyyatu tana tankaɗe. Ya shige madafa, ya kwaso man kaɗanya da citta da masoro da kanumfari, ya ƙara barkono cikin hannu biyu, ya zuba a turmi.

"Baban Lubna, kayan miyata ne fa kake kwasa."

"Kimiyya nake yi."

"Kimiyyar da daddawa kawai ta rage mata? In miƙo maka?"

"Ke dai ki yi abin da ke gabanki. Ranar Asabar za ki ji sunana a lasifika."

"Allah ya sa da alheri za a kira shi."

A zaure aka zaunar da Ikrima kan turmi. Maude ya lafta masa haɗin tun daga ƙeya har tsakiyar baya, ya shiga murza kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Da farko yaron ya daure. Can sai hawaye ya fara zuba, gumi na tsattsafowa.

"Kawu, wuta ce."

"Maganin ne ke gaisawa da ciwon. Saki jikinka."

Ya zagaya bayansa, ya kama haɓa da hannu ɗaya, ƙeya da ɗaya, ya yi bisimilla, ya murɗa. Aka ji ƙas. Awakin da ke ƙofar gida suka watse saboda ƙarar da Ikrima ya yi.

Da ƙura ta lafa sai aka ga kan da ke kallon hagu yanzu dama yake kallo, kuma ya fi ɗazu kafewa.

Lawal ya dafe kai. "Maude, me ka yi?"

"Ci gaba ke nan. Kai malamin lissafi ne, ka auna. Ɗazu yana hagu, yanzu yana dama. Wanda ya je hagu ya je dama, ina ya rage masa in ba tsakiya ba?"

Lawal ya shiga ƙirga da yatsu. Ya san akwai kuskure a lissafin, amma ya rasa inda yake.

Ranar Alhamis Maude ya bayyana a filin atisaye ba wanda ya gayyace shi. Ya sa 'yan wasa suka yi layi, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana danna babban yatsa a saman kafaɗa da iya ƙarfinsa. Duk wanda ya danna sai ya ce wash. Yara ne masu noma da jan ruwa a rijiya, wace kafaɗa ce za a danna haka ba ta amsa ba?

"Ka ji ko?" ya ce wa Lawal. "Ta bazu. Dukkansu suna ɗauke da ita, ba ta fito ba ne kawai. In ba a yi rigakafi ba, ranar Asabar a tsakiyar fili za ta kama su."

"Wane irin rigakafi?"

"A Katsina akwai wani ɗan inji da ake ɗora wa ɗan wasa a baya, yana rawa yana gurnani, jijiya na saki. Nasu ƙarami ne. Mu nan Allah ya ba mu babba."

Haka aka kwashi ƙungiya sukutum zuwa injin niƙan garin. Mai injin ya ƙi da farko, Maude ya ce masa in an ci kofi za a ambaci sunansa a lasifika, ya yarda. Mata na zaune a layi da kwanonin dawa da gero suka ga samari sun shigo suna juya wa inji baya. Maude ya riƙa jingina su biyu-biyu a jikin ƙarfen, ƙeya da kafaɗu manne, injin na ta kakkarwa. Haƙora suka riƙa kaɗawa. Wanda ya yi ƙoƙarin magana sai muryarsa ta fito kamar ta ɗan akuya. Gari kuwa ya bi su ya rufe, gira da gashin ido duk fari.

Inna Zuwairatu, kakar Ikrima, tsohuwar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, tana gaban layi. Ta ce, "Kai Maude, mu niƙan dawa muka kawo. Ku niƙan me kuka kawo?"

"Niƙan jijiya, Inna."

"To in ta yi laushi a miƙo in tankaɗe maku. Shi kuma jikana da ka mayar wa fuska baya, yaushe za ka dawo mani da ita? Tun jiya in na ba shi tuwo sai na zagaya."

"Yana kan hanya, Inna. Ya kusa tsakiya."

Bai rufe baki ba rigar wani mai tsaron baya ta laƙe a bel ɗin injin. Rigar ta tafi, yaron ya tsira da singileti, bel ya tsinke ya yi sama ya sauka kan rufin kwano. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Aka yi tsit, ba abin da ake ji sai atishawar 'yan wasa.

Ranar matan Karare da hannu suka yi daka, kuma kowane bugun taɓarya da sunan Maude yake sauka. Magidanta suka taso daga sallar la'asar suna tambayar juna ko gidan wani an ɗora tukunya.

Da wani mai hankali ne, da ya tsaya nan. Maude kuwa cewa ya yi inji ya kwance jijiyoyin, saura a zuƙe mugun iskan da ya taso. Ya taɓa hango manyan 'yan wasa da tabo zagaye-zagaye a baya, ya kuma ga yadda ake yi: a kunna 'yar takarda a cikin kofi, a kife a fata, kofi ya kama. Irin ƙahon wanzamai ne, in ji shi, amma na masu ilimi.

Juma'a da hantsi, Barau ya tafi sayo gawayi ya bar tebur a rufe da buhu. Maude ya ɗaga buhun ya kwashe kofunan gilashi kaf, ko ɗauraye su bai tsaya yi ba. Ya shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi a bayan makaranta, ya kwantar da 'yan wasa rub da ciki, kowa ya juya kunci ɗaya ya ɗora a ƙasa. Ya bi su yana kunna takarda yana kifawa, wannan biyu a kafaɗa, wancan uku. Abin mamaki, kofunan suka kama. Fata ta kumburo a ciki kamar ƙosai a mai.

Maude ya zagaya su hannu a baya, yana duban 'yan kallon da suka taru. "Wanda bai taɓa ganin aikin asibitin Turai ba ya matso. Kallo kyauta ne."

Rana ta ɗaga. Inuwa ta matsa ta bar su. Wani daga cikin yaran ya ce, "Dokta, yaushe za a cire?"

Nan fa ɗaya. Duk lokacin da mai tausar nan na Katsina ya zo cire nasa kofunan, sai a yi dace wani ya zo sayen rake, Maude ya juya yana fere. Bai taɓa ganin ƙarshen aikin ba. Ya kama kofi ɗaya ya ja, yaron ya taso tare da kofin yana ihu. Ya saki.

"Bai nuna ba," ya ce. "Kar wanda ya motsa. In ka juya kai iskan zai koma ciki."

Suka ci gaba da kwanciya, wuya a murɗe kan ƙasa mai tauri, har aka fara kiran sallar farko. Sai ga Barau da buhun gawayi a kafaɗa, ido ja.

"Maude, ina kofunana?"

"Suna bakin aiki."

"Na bar su suna aikin shayi, wa ya canza masu ma'aikata?"

"Ƙasa suke yi wa hidima, Barau. Ka yi alfahari."

Sauran sukarin da ke bakin kofunan ya riga ya aika gayyata. Cinnaku suka fito daga gindin bedi a jere, suka hau tabarma, suka hau mutane. Na farko da aka ciza ya yi ƙoƙarin daurewa. Na biyu bai yi ba. Kafin a ce wani abu duk ƙungiyar ta miƙe tana tsalle tana kakkaɓe jiki, kofuna na ɓallewa fat, fat, suna tarwatsewa a ƙasa. Wasu suka ruga gida da kofi manne a baya, yara na bin su. Barau ya durƙusa yana tsintar fasassun gilashi. Da yamma a gwangwanin madara ya sayar da shayi.

Asabar da safe Koci Lawal ya tara yaransa a ƙofar makaranta, ya dube su, ya nemi wuri ya zauna. Babu mai kallonsa a cikinsu. Waɗanda suka kwanta kan kuncin dama, hagu suke kallo. Waɗanda suka kwanta kan na hagu, dama suke kallo. Kowa kafaɗa a ɗage har kunne, baya kuwa duk tambarin kofi.

"Maude," ya ce a hankali, "ban taɓa dukan babba ba, amma yau ina jin zan fara."

"Kafin ka fara, saurara. Wannan da kake gani tsari ne. Masu kallon dama ka sa su gefen hagu, masu kallon hagu ka sa su gefen dama. Ka ga kowa idonsa na cikin fili. Babu mai kallon banza, babu mai waige. Manyan kulob kuɗi suke kashewa kafin su koya wa yaransu haka."

"Gola fa?"

"Ya tsaya a kaikaice."

Babu lokacin neman wasu 'yan wasa, kuma dole a je a dawo da sauran rana saboda halin hanya. Lawal ya yi addu'a ya ce a hau babura. Hanyar ba kwalta, kowane rami aka faɗa sai ka ji wash daga gaba har baya, kamar ana karɓa wa liman.

Filin Safana ya cika maƙil. Masu awara da masu ƙanƙara sun kafa layi, mai sharhi ya hau tebur da lasifika, an ɗaure bijimin a gindin turke an rataya masa ƙyalle. Mutumin Katsina na zaune a inuwar rumfa da baƙin tabarau. Maude ya shigo gaban ƙungiya da farar rigarsa yana ɗaga wa mutane hannu.

Matsala ta fara tun wurin gaisawa. 'Yan Tsaskiya suka zo a layi suna miƙa hannu, 'yan Karare na karɓa suna kallon wani wuri. Kyaftin ɗin Tsaskiya, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Sadiq Igwa saboda ƙarfin bugunsa, ya koma wurin yaransa yana huci.

"Kun ga raini? Ko kallonmu ba su yi. Yau sai sun kalle mu."

Aka busa usur. Abin da ya ba Lawal tsoro shi ne da farko tsarin ya yi aiki. Karare suka ɗauki ƙwallo suka nufi gaba, na hagu na ganin na dama, na dama na ganin na hagu, ƙwallo na tafiya kamar da zare. Har suka buga ta daki turken raga. Maude ya bi gefen fili da gudu yana bugun ƙirji.

"Wa ya ce ba kimiyya? A tambayi Koci wa ya tsara."

Sai Tsaskiya suka ƙwace ƙwallo. 'Yan Karare suka juya don su koma tsaron gida, kuma da juyawar nan duk idon da ke cikin fili ya koma waje. Na hagu ya tsinci kansa yana gudu yana kallon bijimi. Na dama ya zuba wa masu awara ido, har yayan wata yarinya ya taso yana naɗe hannun riga yana tambayar me ake kallo. Biyu suka yi karo a tsakiya suka zube. Sadiq Igwa ya ratsa su kamar mai wucewa kasuwa, ya tarar da Ikrima tsaye a kaikaice, ya zagaya ta ɓangaren da ƙeya take ya gangara ƙwallo cikin raga.

Mai sharhi ya ce, "Jama'a, Tsaskiya ta ci, kuma ina roƙon wani ya je ya sanar da 'yan Karare, don da alama ba su gani ba."

Aka sake, aka kuma. In ƙwallo ta taso sama, maimakon a sa kai sai ka ga 'yan Karare na sunkuyawa suna kare wuya da hannu. Kafin hutun rabin lokaci an zuba masu huɗu. Mutumin Katsina ya kira Lawal da yatsa.

"Malam, wannan golan naku da aka cika mani kunne da shi, da wa yake fushi?"

Lawal ya waiwaya ya dubi golan. Ikrima na zaune a ƙasa ya juya wa kowa baya, ba don wuya ba wannan karon. Damar da ya shekara yana mafarki ce ke zubewa a gabansa, ko kallonta kai tsaye ba ya iya yi.

An dawo ba da jimawa ba Sadiq ya samu ƙwallo a bakin layi ya ɗirka mata ƙafa da duk fushinsa. Ikrima bai ma ga tahowarta ba. Ta same shi a kunne, ya yi sama ya faɗo. Alƙalin wasa ya rugo. Can yaron ya tashi zaune yana girgiza kai, sai kuma ya tsaya cak. Ya juya hagu. Ya juya dama. Ya kalli Sadiq ido cikin ido ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Daga nan raga ta rufe. Sama suka buga ya kama, ƙasa ya kama. Aka ba su fenariti ya tashi kamar kyanwa ya ture. Shi kaɗai yake wasa da mutum goma sha ɗaya, sauran 'yan uwansa na yawo a fili suna gaisawa da 'yan kallo ba da niyya ba. Har aka tashi ba a ƙara ko ɗaya ba. Kofi da bijimi suka tafi Tsaskiya, amma mutumin Katsina ya cire tabarau ya zo ya dafa Ikrima.

"Ka huta, ka je asibiti a duba kunnen nan da wuyan, sannan ka same ni. Amma kai kaɗai za ka zo. Na ji an ce kana da likita."

Ana shirin miƙa kofi Maude ya haye teburin mai sharhi ya karɓe abin magana.

"Jama'ar Safana, assalamu alaikum. Ni ne Dokta Maude na Karare. Abin da kuka gani ya faru da golanmu ba haɗari ba ne, mataki na huɗu ne na maganina. Shafawa, niƙawa, zuƙewa, sannan bugu. Ni na lissafa inda ƙwallon za ta same shi. Yanzu sauran 'yan wasa su yi layi, wannan bawan Allah ya bubbuga masu, kowa ya koma gida a miƙe."

'Yan wasan Karare suka ɓuya a bayan juna. Barau, wanda ya biyo ayari musamman don irin wannan lokaci, ya ɗaga murya daga cikin taro.

"Dokta, yara ne, tsoro suke ji. Ka fara nuna masu a kanka."

"Ni wuyana lafiya lau."

"Rigakafi," in ji Koci Lawal. "Kai ka ce tana nan ba ta fito ba ne kawai."

Fili ya ɗauka: Dokta, Dokta, Dokta. Maude ya duba hagu ya duba dama, babu hanyar fita, mutane sun yi zobe. Ya sauko yana murmushin da bai kai ciki ba, ya tsaya a tsakiyar raga, ya gyara riga. Aka dasa ƙwallo a wurin fenariti. Sadiq Igwa ya ja da baya, ya ƙara ja, har sai da ya kusa tsakiyar fili.

"Ɗan samari," in ji Maude, "ba sai ka yi nisa haka ba. Maganin ba ya son gaggawa."

Sadiq ya taho. Ƙasa na amsa takunsa. Ya iso, ya ɗaga ƙafa, Maude ya runtse ido ya wurga kai baya da iya ƙarfinsa. Har na bakin rumfa sun ji ƙas ɗin.

Ƙwallo kuwa tana nan inda aka ajiye ta. Tsallake ta Sadiq ya yi, ya tsaya yana dariya riƙe da ciki.

Maude ya buɗe ido ya ga sama. Ya nemi ya sauke kai, kai ya ce bai san zancen ba. Haɓa ta miƙe, maƙogwaro a waje, kafaɗu sun haɗe da kunnuwa.

Mai sharhi ya karɓi abin maganarsa ya ce, "Jama'a, wannan shi ne mataki na biyar."

Ba a iya ɗora shi a babur ba, don duk wanda ya goya shi haɓarsa ce ke sokinsa a ƙeya. A bayan wata a-kori-kura da ta kawo awaki kasuwa aka kwantar da shi kan buhuna, ya yi tafiyar yana ƙidayar shirwa. Suka iso Karare rana na shirin faɗuwa. Labari ya riga su, gari ya fito ƙofar masallaci. Barau ne ya jawo shi da hannun riga yana faɗa masa, "Rami. Dutse. Kashin saniya, ka riga ka taka."

Safiyyatu na tsaye a bakin zaure da mayafi. Ta dube shi daga ƙasa har sama ta ce, "Na ji sunan a lasifikar wayar maƙwabta. Baban Lubna, me kuma ka manto a sama?"

"Hutawa nake ba jijiyoyin gaba," ya ce da muryar da ta matse. "Ba za ki gane ba."

Liman ya fito zai shiga alwala ya tarar da taron. Dattijo ne mai tausayi, ya tambayi abin da ya faru, aka faɗa masa, ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuskarsa. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam Maude. Kwana nawa ake ɗauka kafin ya sauka?"

"Bai wuce biyu ba, Allah gafarta Malam."

"To madalla. Gobe Sha'aban ashirin da tara. Tunda dai can kake kallo, ka taimaka ka duba mana wata."

Mutane suka fashe. Maude ya jira har dariyar ta lafa, ya laluba ya gyara wuyan farar rigarsa, ya yi magana da sararin sama.

"Allah gafarta Malam, ka zo wurin da ya dace. Ai mutanen Katsina, ni na koya masu duban wata."